Ƙidaya ta saka mu cikin "Sauransu", mu kuma muna ta musu a bakin masallaci



Duk sa'ad da aka ɗauko zancen ƙidaya a Nima ko Maamobi, sai wani ya buga ƙirji ya ce Musulmi sun kai rabin Ghana, ƙarya kawai ake mana. Ka ce masa ina takarda, sai ya ce kowa ya sani. Da wannan "kowa ya sani" muke shiga ofis neman makaranta da asibiti, mu fito hannu rabbana.

Ga abin da Hukumar Ƙididdiga ta Ghana ta buga. A ƙidayar 2021, wadda darenta ya kama 27 ga Yuni, an samu mutum miliyan 30.8, Musulmi kashi 19.9 cikin ɗari. A 2010 kuwa 17.6 ne. Rahotannin suna shafin hukumar a intanet kyauta, gunduma-gunduma, har Ayawaso ta Gabas da ta Arewa inda muke zaune. Ɗalibanmu nawa suka taɓa buɗe su?

Wanda ya buɗe zai ga inda ciwon yake. Teburin ƙabilu ya jera Akan, Mole-Dagbani, Ewe, Ga-Dangme, Gurma, Guan, Grusi da Mande. Bahaushe fa? An cusa shi cikin "sauransu". Harshen da ake ciniki da wa'azi da shi daga Kumasi har Bawku, masu shi ba su da layi nasu. Mai bincike a Legon da ke neman yawanmu sai dai ya yi kirdado.

Amma kada mu ɗora wa hukuma laifin duka. Tun korar baƙi ta gwamnatin Busia a 1969 tsoron mai littafi da alƙalami ya shige mu. Mun ga gidajen da aka ɓoye 'yan haya, mun ga dattijon da aka haifa a Nima yana rufe ƙofa don kada a kira shi baƙo. Ka ɓuya ranar ƙidaya, sannan ka yi kukan ba a gan ka ba?

Asusun Raya Zango da aka kafa da dokar 2017 da lissafi zai yi rabo. Muna roƙon sarakunan Zango da limamai su zaunar da 'ya'yanmu masu karatun ƙididdiga, a ciro alƙaluman unguwanninmu, a fassara su da Hausa, sannan a rubuta wa hukumar a nemi layin Hausawa a tebur tun ba a tsara tambayoyin ƙidaya mai zuwa ba.