Darasin da Tsarin Gunduma Ya Bar Mana

'Yan uwa malamai, maganar asibiti maganarmu ce. Yawancinmu a ƙauyuka muke koyarwa, kuma idan ɗalibi ya faɗi da zazzaɓi, ko naƙuda ta zo wa iyali da dare, ƙaramin asibitin unguwa muke fara nufa.

A shekarar 2007, zamanin Gwamna Sule Lamido, Jihar Jigawa ta kafa tsarin Gunduma. Aka tattara ƙananan hukumomi 27 zuwa gundumomin lafiya 9, aka sa ƙananan asibitoci da manya a ƙarƙashin hukuma guda. Kafin nan, ƙaramar hukuma ce ke riƙe da ɗakin shan magani, jiha kuma ke riƙe da babban asibiti, kowa da kasafinsa da ma'aikatansa. Majinyaci ne ke faɗawa a tsakani. Daga baya an rushe Gunduma, aka kafa hukumar kula da lafiya a matakin farko, manyan asibitoci suka koma hannun ma'aikatar lafiya. Asibitin Rasheed Shekoni kuwa ya zama na koyarwa na Jami'ar Tarayya ta Dutse.

A ganina, tunanin da ya haifi Gunduma yana nan da amfaninsa. Mu malaman firamare mun san ciwon iyayen gida barkatai: albashi daga kuɗin ƙaramar hukuma, umarni daga SUBEB, dokoki daga ma'aikata. Idan abu ya lalace, kowa ya nuna ɗan uwansa.

Amma haɗa hukumomi a takarda ba ya warkar da kowa. Ma'aunin shi ne: idan an turo mai jego daga wani ƙauyen Kiyawa zuwa Dutse, akwai motar da za ta ɗauke ta? Takardarta za ta yi aiki can, ko sai an sake yanka kati? Haɗewar da za ta kwashe ƙwararru zuwa birni ta bar karkara fayau, gara babu ita.

Tunda ana cire mana kuɗin taimakekeniyar lafiya daga albashi, muna da bakin magana. Ina kira ga shugabannin reshenmu na NUT da su nemi kujera a kwamitocin asibitoci, su kuma tattara koken malamai a rubuce su miƙa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani.