Zuwa ga masu shagunan kwamfuta na Nasarawa Gwom



Duk wanda ya daɗe yana cike wa jama'a fom a Jos ya san wannan tashin hankali: ɗalibi na tsaye da takardu a hannu, janareto na shan mai, shafi ya buɗe amma tsakiyarsa fari fat. Galibi sabis ake ɗora wa laifi. Wani lokacin kuwa tsohon fom ne da aka gina da Java, wanda ba ya motsi sai ya sauko da ƙunshin manhajarsa, wato fayil mai ƙarewa da .jar.

Maginin shafi yakan rubuta sunan ƙunshin a layin archive, ya kuma faɗi sigar da yake so a layin java_version. Harafi ɗaya ya kauce, fom ya kwanta. Sannan kwamfuta tana ajiye kwafin ƙunshin, ta yi ta amfani da tsoho bayan masu shafi sun sauya shi. Maganin wannan a Java Control Panel yake: a goge ajiyar wucin gadi, a sake buɗewa.

Zamani ma ya juya wa irin waɗannan fom baya. A Janairun 2014 Java 7 Update 51 ta fara toshe ƙunshin da ba shi da amintaccen sa hannu. Chrome ya daina karɓar Java a Satumban 2015, Firefox ya bi sahu a 2017, Java 11 ta 2018 kuma ta zo babu ɓangaren da ke tayar da irin waɗannan fom gaba ɗaya. Saboda haka mai shagon da ya ɗora sabuwar Java don fom ya tashi, ya ƙara nisanta kansa da biyan buƙata ne.

Abin da ya fi shi ne a ware kwamfuta ɗaya mai Java 8, a buɗe fom ɗin ta yanayin Internet Explorer da ke cikin Edge, a manna takarda a jikinta ɗauke da lambar sigar, domin yaron shago kada ya sabunta Java ɗin da kyakkyawar niyya.

Batun tsaro shi ya fi damun mai wannan wasiƙa. Adireshin shafin hukumar da ke da fom ɗin kaɗai ya kamata ya shiga Exception Site List, wato jerin shafukan da Java ba za ta toshe ba. Tsohuwar Java kafa ce ga ɓarayin intanet, kuma lambar NIN da hotunan mutanen unguwa amana ce a hannun mai shago. Kada a yi hulɗar banki a wannan kwamfutar, kada kuma a bar kwastoma ya cusa mata filashi.

Wassalam.