Tukunyar Gas a Gidajen Abinci: Amana ce a Wuyan Ubangida

Duk wanda ya ratsa Gyadi-Gyadi da hantsi, daga titin Zariya zuwa Court Road, zai ga gidajen abinci cike da jama'a, musamman kusa da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, inda ma'aikata da ɗalibai da masu jinya ke neman abin kai wa baki. Abin da mai cin abinci ba ya gani shi ne madafar da ke bayan labule. A can, gas ya ture itace da kananzir a wurare da dama, amma sanin yadda ake zama da shi bai shiga tare da tukunyar ba. Wannan giɓi kuwa, mai gidan abinci ne ya wajaba ya cike shi, ba kuku ko yarinyar da ke juya miya ba.

Dalili a fili yake. Ubangida ne ke sayen tukunya, shi ke zaɓar tiyo da murhu, shi ke yanke shawarar inda za a girka su. Ma'aikaciyar da ke karɓar ladan yini ba ta da bakin cewa a sauya tiyon da ya tsage, alhali ita ce ke tsaye a gaban wuta tun asuba. Wanda ke da ikon gyara, shi ke ɗauke da nauyin ɓarna.

Iskar gas ta girki ta fi iskar da ake shaƙa nauyi. Idan ta tsiyaya, kwanciya take yi a ƙasa, ta taru a lungu, ta jira tartsatsi. Saboda haka madafar da ba ta da mafitar iska ta ƙasa tarko ce. Asalin iskar ba ta da wari. Da gangan ake zuba mata sinadari mai ɗoyi domin hanci ya yi gargaɗi, amma a ɗakin da ƙamshin soye-soye ya cika, gargaɗin kan ɓace. Haka kuma ba a cika tukunya maƙil, ana barin kusan kashi 20 cikin 100 domin gas na kumbura da zafi, kuma zafin Kano a watan Afrilu kan haura digiri 40. Hukumar SON ta ƙayyade wa tukunya shekara 15, amma masu gidajen abinci nawa ne suka taɓa duba shekarar da aka buga a jikin tasu? Fashewar da ta auku a wani shagon ɗura gas a Sheka a watan Yunin 2022, wadda ta jikkata mutane da dama, ta isa ishara.

Abin da ake nema bai fi ƙarfin kowa ba: a ajiye tukunya a tsaye, a inuwa, a wajen madafa, a riƙa shafa ruwan sabulu a mahaɗar tiyo don ganin ko zai yi kumfa, a tanadi na'urar kashe gobara, a bar ƙofar fita a buɗe. Sannan a koya wa kowane sabon ma'aikaci cewa in ya ji wari, ya rufe kan tukunya, ya buɗe tagogi, kada ya taɓa makunnin lantarki.

Wasu za su ce riba ta yi ƙaranci, tsadar kaya ta hana numfashi. Gaskiya ne, amma kuɗin sabon tiyo bai kai na jinyar ƙuna ta kwana ɗaya ba. Doka ma ba ta yi shiru ba: Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa masu ɗaukar aiki zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun NSITF, domin wanda ya ji rauni a bakin aiki.

Ya kamata Ƙaramar Hukumar Tarauni ta haɗa hannu da Hukumar Kashe Gobara ta Jihar Kano, a sanya duba madafa cikin sharuɗɗan sabunta izinin sana'a. Kafin nan, kowane ubangida ya tuna cewa yarda da ƙaddara ba ta ɗauke wa kowa hisabin sakaci, kuma ran wanda ke masa girki amana ce da za a tambaye shi.