Sifaniyanci: Yawan Baki da Haɗin Alƙalami

Hausawa na cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma idan ana maganar yawa a tsakanin harsunan duniya, Sifaniyanci yana sahun gaba. Mutane kusan miliyan 500 ne suka tashi da shi a matsayin harshen uwa, adadin da Sinancin Mandarin kaɗai ya ɗara. Idan aka haɗa da waɗanda suka koye shi daga baya, cibiyar Cervantes, wadda Sifaniya ta kafa a 1991 domin yaɗa harshen, tana ƙiyasta masu jin sa da kimanin miliyan 600. Harshen hukuma ne a ƙasashe 20, kuma yana cikin harsuna shida na Majalisar Ɗinkin Duniya. Sai dai abin da ya kamata ɗalibin harshe ya tsaya a kansa shi ne yadda aka riƙe wannan taro wuri guda, domin yawa kaɗai ba ya hana harshe tarwatsewa.

Abin lura na farko shi ne cewa harshen ya daɗe da fin ƙarfin mahaifarsa. Mutanen Sifaniya ba su kai miliyan 50 ba, wato a cikin masu harshen goma, da ƙyar ake samun ɗaya ɗan can. Meziko ita kaɗai tana da mutane kusan miliyan 130. A Amurka, fiye da mutum miliyan 40 ne ke magana da shi a gidajensu. A Afirka kuwa, Ikwatoriyal Gini, maƙwabciyar Kamaru, ta riƙe shi a matsayin harshen hukuma bayan samun ƴanci a 1968, kuma ana koyar da shi a makarantun sakandare na Kamaru da Benin da Kodibuwa da Senegal.

Wannan yaɗuwa ba da lalama ta zo ba. A shekarar 1492 Kolombus ya isa nahiyar Amurka, aka kuma buɗe ƙofar mamaya wadda ta danne harsunan ƴan ƙasa da dama, wasu har suka ɓace. Amma takobi bai gama aikin ba. Lokacin da ƙasashen yankin suka ƙwaci ƴancinsu a farkon ƙarni na 19, jama'a da yawa ba su jin Sifaniyanci. Sababbin gwamnatocin ne suka shimfiɗa shi ta hanyar makaranta da kotu da jarida. Filifin ta nuna ɗaya gefen: Sifaniya ta mulke ta fiye da shekara 300, amma da Amurka ta karɓe ta a 1898 ta cika makarantu da Ingilishi, sai Sifaniyanci ya yi ta ja da baya har ya zama na ƴan tsiraru. Harshen da aji ya saki, yawan jiya ba ya ceton sa.

Abu na biyu shi ne rubutu. A wannan shekara ta 1492 ce Antonio de Nebrija ya wallafa nahawun harshen, sannan aka kafa majalisar kula da shi a Madrid a 1713. Duk da haka an kusa rabuwa. A 1844 ƙasar Cile ta ɗauki ƙa'idar rubutu tata, bisa shawarwarin malami Andrés Bello, ba ta koma ga ta gama-gari ba sai a 1927. A 1951 aka kafa ƙungiyar majalisun harshen a Meziko, wadda yanzu ta ƙunshi majalisu 23, har da ta Ikwatoriyal Gini. Ƙa'idojin rubutu na 2010 da sunan dukkan majalisun da ke cikin ƙungiyar a lokacin suka fito. Mutumin Ajantina da na Kuba da na Madrid kowa da irin lafazinsa da kalmominsa na kasuwa, amma littafin da aka buga a Bogota ana karanta shi a Malabo ba tare da an sake rubuta shi ba.

Akwai masu sukar wannan tsari, suna cewa har yanzu Madrid ce ke riƙe da linzami, kuma daidaitacciyar ƙa'ida takan sa mai karin harshen ƙauye ya raina bakinsa. Sukar tana da ƙanshin gaskiya. Amma maganinta shi ne a faɗaɗa zauren shawara, kowane yanki ya shigar da kalmominsa cikin ƙamus. Rushe zauren zai bar kowace ƙasa da ƙaramar kasuwar littafi, marubuci ya rasa masu karatu a ƙetaren iyaka.

Ɗalibin Hausa ba baƙo ba ne a wannan zance. Sifaniyanci ya sha daga Larabci a ƙarnonin Andalus, daga 711 zuwa 1492, kamar yadda Hausa ta sha. Kalmar alcalde, wato magajin gari, tushenta ɗaya da alƙali. Azúcar kuma ƴar'uwar sukari ce. Musulmin can ma sun rubuta harshen da baƙaƙen Larabci, rubutun da ake kira aljamiado, daga tushen da ya ba mu ajami. Hausa ita ma iyakoki sun ratsa ta. Tun taron Bamako na 1966 ake ƙoƙarin daidaita rubutunta, amma har yau Nijar na rubuta ƴ inda Nijeriya ke rubuta 'y, kuma ana ganin Dogondoutchi a allon hanya, Dogon Dutsi a littafin makaranta. Wani ya aro daga Faransanci, wani daga Ingilishi, ba tare da an zauna an tace ba.

Yanzu da Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025, bukatar zama tare ta ƙara fitowa fili. Masana na Yamai da Kano da Zariya, da na al'ummomin Hausawa a Kumasi da Garwa, su ne ya kamata su haɗa ƙamus ɗaya da ƙa'ida ɗaya, a bar wa kowane gari karinsa. Sifaniyanci ya ɗauki ƙarnoni kafin ya gane wannan hanya. Hausa tana iya ɗaukar ta tun ɓarakar ba ta yi faɗi ba.