SHARHI: Ba da Aron Mota Zuwa Ƙetaren Iyaka, Amana Kaɗai Ba Ta Wadatar ba

A Gella, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Mubi ta Kudu a Jihar Adamawa, ba baƙon abu ba ne mai mota ya miƙa makulli ga ƙanensa, ko yaron shagonsa, ko direban da ya ɗauka, ya ce a kai kaya Kamaru a dawo. Hanyar da ta tashi daga Mubi ta bi ta Sahuda ta faɗa Bukula ta daɗe tana ɗauke da hatsi da dabbobi da kayan masarufi, kuma jama'ar da ke ɓangarorin biyu dangin juna ne. Ƙuri'ar raba-gardama ta 1961 ce ta sanya yankin Mubi cikin Nijeriya, amma ba ta raba zumunci da cinikayya ba.

Sai dai kuma jami'in da ke bakin iyaka ba ya duba zumunci, takarda yake dubawa. Da zarar sunan da ke takardun mota ya saɓa da na wanda ke tuƙa ta, jami'in kwastan ko jandarman Kamaru yana da hujjar tambaya: wa ya ba shi izini? Direban da ba shi da amsa a rubuce yana iya kwana a shinge ana tuhumarsa da satar mota, kayan da ya ɗauko suna lalacewa, mai motar kuwa yana gida bai sani ba.

Matsala ta biyu ita ce ta inshora. Tun daga Janairun 2023 Hukumar Kula da Harkokin Inshora ta Ƙasa ta ɗaga kuɗin inshorar da doka ta wajabta wa motocin gida daga naira 5,000 zuwa naira 15,000, tare da haɗa shi da katin ECOWAS mai ruwan ƙasa, wanda aka kafa tsarinsa a 1982. Wannan ya sa wasu ke zaton sun tsira a kowace ƙasar maƙwabta. To amma Kamaru ba ta cikin ECOWAS. Tana cikin ƙungiyar CEMAC ta ƙasashe 6 na tsakiyar Afirka, wadda ke da nata katin mai ruwan hoda. Saboda haka katin da zai yi wa direba amfani a Jamhuriyar Benin ba zai biya ko sisi ba idan hatsari ya auku a hanyar Gidar ko Marwa. A irin wannan hali motar ce za a tsare, kuma mai ita ne za a nema da diyya.

Matsala ta uku ta fi sauran haɗari, wato kayan da aka loda. Dokokin kwastan na Nijeriya, tun daga tsohuwar doka har zuwa sabuwa ta 2023, sun ba da ikon kama abin hawan da aka yi fasa-ƙwauri da shi, haka nan dokar Hukumar Hana Sha da Fataucin Miyagun Ƙwayoyi, wadda aka kafa a 1989. An shafe shekaru ana tsallakawa da man fetur zuwa Kamaru saboda bambancin farashi, har ta kai gwamnatin tarayya ta hana kai mai gidajen sayarwa da ke cikin kilomita 20 daga iyaka a Nuwamban 2019. Direban da ya ɓoye jarkoki ko kwalayen ƙwaya a ƙarƙashin buhunan masara ribarsa yake nema, amma jarin wani ya jefa cikin caca. Mai motar zai iya rantsuwa bai sani ba, sai dai tabbatar da hakan a gaban hukuma yana cin lokaci da kuɗi, motar kuma tana ajiye rana na dukanta.

Akwai masu ganin cewa neman sa hannu daga ɗan'uwa alama ce ta rashin yarda. Wannan fahimta tana da tushe a al'ada, amma ta manta cewa takardar ba mai mota kaɗai take karewa ba. Direban kirki shi ne ya fi kowa bukatarta, domin ita ce shaidarsa a gaban jami'in da bai san shi ba, bai kuma san ubangidansa ba.

Don haka ya kamata duk mai ba da motarsa ya rubuta takardar izini mai ɗauke da sunan direba, da lambar mota, da inda za a je, da ranar dawowa, da irin kayan da aka ɗauka, a buga mata hatimin kotu ko na lauya, a kuma tanadi kwafinta da Faransanci. Ya tabbatar lasisin direban bai ƙare ba, ya sayi inshorar da Kamaru ta amince da ita, sannan ya tsaya da kansa a wurin lodi.

Hukumomi ma suna da nasu aikin. Ƙaramar hukuma da ƙungiyar direbobi ta ƙasa reshen Mubi za su iya buga fom guda mai sauƙi da Hausa da Turanci da Faransanci, a riƙa bayar da shi a tashoshin mota kan kuɗi kaɗan. Kamfanonin inshora kuwa su riƙa gaya wa mai saye ƙarara inda katinsu yake aiki da inda ba ya yi.

Yankin da ya farfaɗo da kasuwancinsa bayan mamayar Boko Haram ta 2014 bai kamata ya riƙa asarar motoci saboda rashin takarda guda ba. Ga iyalai da yawa a Gella, motar ita ce gona, ita ce shago, ita ce kuɗin makarantar yara. In kunne ya ji, jiki ya tsira.