Almakashi da Gam: Wata Hanyar Sanin Kai ga Ɗalibin Harshe

Gabatarwa

Mu ɗaliban harshe mun ƙware wajen feɗe kalma. Da zarar malamin ƙirar kalma ya rubuta wata a allo, nan da nan za ka ji mun ce ga saiwa, ga ɗafa-goshi, ga ɗafa-ƙeya, har mu faɗi harshen da aka aro ta. Amma da za a tsayar da ɗayanmu a ce masa, "To kai fa, da me da me aka haɗa ka?" sai ka ga ya yi shiru yana sosa ƙeya. Manufar wannan ɗan rubutu ita ce jawo hankalin 'yan'uwana ɗalibai ga wani aikin hannu mai sauƙi, wanda a nawa ra'ayin zai taimaka mana mu amsa wannan tambaya, musamman mu 'yan Taraba da muka tashi da harshe biyu ko uku a baki.

Mene ne liƙe-liƙe?

Turawa suna kiran wannan aiki kolaj, kalmar Faransanci ce da ta samo asali daga aikatau mai ma'anar mannawa da gam. Ni dai na zaɓi in kira shi liƙe-liƙe, sai dai kada mai karatu ya ɗauka liƙin kuɗi na gidan biki nake nufi. Abin da ake yi shi ne a samo kwali ko katako, a tattaro tarkace iri-iri kamar guntun jarida, ƙyallen atamfa, tsohon tikitin mota, zare, busasshen ganye, a yanka, a jera, a manna, har su tashi hoto guda. Mai so yana iya ƙarawa da fenti ko rubutun hannu.

A tarihin zanen Turai, ana danganta shigar wannan salo cikin aikin manyan masu zane ga Pablo Picasso da Georges Braque, waɗanda a 1912 suka fara manna takarda da ledar shimfiɗa tebur a jikin zanensu a ƙasar Faransa. Shi kuwa Henri Matisse, bayan tiyatar da aka yi masa a 1941 ta hana shi doguwar tsayuwa, sai ya koma yanka takardu masu launi da almakashi, kuma da wannan aiki ya ƙare rayuwarsa a 1954. A nan gida Nijeriya akwai El Anatsui, mutumin Gana wanda ya fara koyarwa a Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka a 1975. Shi murafun kwalaben giya yake tattarawa dubbai, a daddake su, a ɗinke da wayar tagulla, su zama kamar wani ƙaton zane da ake ratayawa a bango. A 2015 an ba shi babbar lambar yabo a bikin baje kolin zane na birnin Benis da ke Italiya. Wato abin da wani ya jefar a bola, shi ne ya kai wani gaban duniya.

Ba baƙon abu ba ne a wurinmu

Kafin wani ya ce wannan al'adar Turawa ce, ina roƙonsa ya leƙa ɗakin kakarsa. Jeren ɗakin amarya a ƙasar Hausa ya fara ne da ƙore da tasoshi, daga baya kwanuka masu fenti suka shigo, sannan tangaran da kabad. Duk wanda ya taɓa ganin 'yan jere suna aiki ya san ba zubawa kawai suke yi ba. Za ka ji ana gardama a kan wane kwano zai hau sama, wanne zai zauna kusa da wanne, wanne kuma za a tura ƙarƙashin gado. Haka matan Fulani suke jera ƙorensu. Haka tela a babbar kasuwar Jalingo yake haɗa ragowar ƙyallaye ya fitar da zanen gado ko rigar yaro. Dubi kuma bangon shagon mai aski, ko gilashin Keke Napep, ko saman gadon ɗalibi a ɗakin kwana, inda kalanda da hoton ɗan ƙwallo da jadawalin lacca suke zaune kafaɗa da kafaɗa. Ashe ke nan hannunmu ya daɗe da sanin aikin, suna ne kawai ba mu sa masa ba.

Sai dai akwai bambanci guda. Jeren amarya da adon shago ana yin su ne domin idon baƙo, a nuna arziki ko gata. Liƙe-liƙen da nake magana a kai kuwa, mai yin sa shi ne farkon wanda ake yi dominsa. Nan ne ma ya sha bamban da haɗa hotunan da muke yi a waya ranar zagayowar haihuwa, inda manhaja ce take jera komai cikin daƙiƙa biyar, mu kuma mu zauna jiran masu yabawa.

Abin da kwali yake tonawa

Dalilin da ya sa nake ganin wannan aiki ya dace da mu shi ne yanayin wurin da muke zaune. An ƙirƙiro Jihar Taraba daga tsohuwar Gongola a ranar 27 ga Agusta, 1991, kuma ana yawan cewa ƙabilunta sun haura 80. A aji ɗaya za ka samu Jukun daga Wukari, Kuteb daga Takum, Mumuye daga Zing ko Yorro, Bafillace daga Muri, ɗan Mambila daga Gembu, ga Tibi, ga Jenjo, ga Wurkun. Hausa ce take haɗa mu a kasuwa da tasha, Ingilishi a ofis da takardar jarrabawa, harshen gida kuma sai an koma ƙauye hutu. Da yawanmu ba mu taɓa zama mun auna matsayin kowane ɗaya daga cikin waɗannan a zuciyarmu ba.

Ni kaina Mumuye ne, a bakin abokan wasa da kasuwa na tsinci Hausa kafin in zo in karance ta a jami'a. A hutun da ya wuce na ɗauki kwalin taliya na ce bari in haɗa abubuwan da suka yi ni. Na samu guntun tsohuwar jaridar Hausa, na samu sakamakon jarrabawata ta firamare da Ingilishi, na samu tikitin motar Zing zuwa Jalingo, da ƙyallen zanen mahaifiyata. Da na zo neman wani abu da aka buga da harshen Mumuye, na birkice gidanmu kaf ban samu ko layi ɗaya ba. Ƙarshenta sai ɓawon doya na busar na manna, tun da da doya aka san mutanenmu, na rubuta sunan kakata da biro a gefensa. Da na ja da baya na dubi kwalin, sai ga Hausa da Ingilishi sun mamaye tsakiya da manyan baƙaƙe, harshen da aka yi mini rarrashi da shi ina jariri kuwa yana can lungu ba shi da ko harafi. Na sha jin laccoci a kan mutuwar harsuna, amma gani ya kori ji. Daga wannan kwali na samo batun da nake son yin kundin kammala digirina a kansa, wato yadda yaran Mumuye da aka haifa a Jalingo suke amfani da Hausa a cikin gida.

Me ya sa almakashi ya nuna mini abin da biro bai nuna ba? A ganina dalilai biyu ne. Na farko, idan muna rubutu, musamman da harshe na biyu, rabin hankalinmu yana kan tsoron kuskure. Muna ta lissafin ko "ya" za a sa ko "ta", ko wannan "k" mai lanƙwasa ce, domin mun san yadda ake yi wa Hausar Taraba dariya a kan jinsi. Kafin mutum ya gama gyaran jimla, abin da ke ransa ya gudu. Kwali kuwa ba ruwansa da nahawu. Na biyu, kwali yana da iyaka. Ba zai ɗauki komai ba, dole ka zaɓa, ka yar da wani abu, ka sa wani a tsakiya, ka tura wani gefe. Wannan zaɓi shi ne yake fallasa abin da mutum ya fifita, ko da bakinsa yana faɗin wani abu dabam.

Amsa ga masu suka

Na san za a ce wannan wasan yara ne, ɗalibin jami'a yana da karatun da ya fi shi. Amsata ita ce, aikin ba ya cin fiye da yammaci ɗaya, kuma kayansa kwali ne da gam, in babu gam a dama sitacin rogo ko a jiƙa ƙaro. Yammaci nawa muke kashewa a kan waya ba tare da mun tashi da komai ba?

Wani zai ce zanen aro ba ya rufe katara, wanda ya haɗa kayan wasu bai ƙirƙiro komai ba. To, ɗalibin Hausa ne ya fi kowa sanin raunin wannan magana. Manazarta sun nuna cewa Abubakar Imam ya ɗebo labaran Magana Jari Ce, wanda aka buga a ƙarshen shekarun 1930, daga wurare dabam-dabam, ciki har da Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Jamusawa, ya sake musu tufafi, ya jera su a bakin aku. Wa zai ce littafin ba nasa ba ne? Ita kanta Hausa haka take. Ta karɓi littafi da alƙalami daga Larabci, kawu da goggo daga Fulatanci, ashana daga Yarabanci, tebur da mota daga Ingilishi, kuma ba wanda ya ce ta daina zama Hausa. Gwaninta tana wajen zaɓe da jerawa.

Akwai kuma suka ta uku wadda na ɗauka da muhimmanci. Jaridunmu da kalandunmu cike suke da ayoyi da sunayen Allah, kuma Musulmi da Kirista duk ba za su so a yayyanka irin waɗannan takardu a watsar da ragowar a ƙasa ba. Wasu kuma suna ƙyamar hoton abu mai rai. Wannan gaskiya ne, kuma maganinsa a hannu yake: a duba takarda kafin a sa mata almakashi, wanda ba ya son hoto ya yi da ƙyalle da launi da ganye da rubutu. Haka nan kada son liƙe-liƙe ya kai wani ga yage littafin laburare, ko yanka hoton iyali wanda shi kaɗai ya rage. Irin wannan a yi masa hoto-kwafi.

Kammalawa

Shawarata ga ƙungiyarmu ta ɗaliban Hausa ita ce, a cikin shirye-shiryen makon Hausa mai zuwa a ware yini guda domin wannan aiki. Kowa ya zo da kwalinsa da tarkacen da ya tsinto daga gida, a zauna a yi. Bayan an gama, kowa ya rubuta shafi ɗaya da daidaitacciyar Hausa yana amsa tambayoyi kamar haka: me na sa a tsakiya, me na tura gefe, me na nema ban samu ba? Wanda ya ga dama ya karanta wa jama'a, wanda bai so ba ya ajiye abinsa, domin ba gasa ba ce. Ina da yaƙinin cewa daga waɗannan shafuka za a samu batutuwan bincike da suka shafi Taraba kai tsaye, maimakon maimaita abin da aka riga aka rubuta a kan Kano da Sakkwato. Ina kuma fatan 'yan'uwanmu Hausawa na asali za su shiga a yi da su, domin idan suka bincika da kyau, su ma za su tarar da ƙyallen Fulani ko na Barebari ko na Nufawa a cikin nasu kayan. Allah ya ba mu sa'ar karatu.