Mai Ciwon Hanta Ba Ya Warkewa da Horon Yunwa

Duk wanda ya bi titin Kano zuwa Zariya da rani, ya ga kwandunan tumatir a Kwanar Gafan, ya san Allah ya wadata Garun Mallam da abinci. Tun da aka kammala madatsar ruwan Tiga a 1974, ruwa ke ratsa Kadawa da Kura da Bunkure, ana noman shinkafa da alkama da masara. Amma a cikin wannan yalwa akwai wanda muke yi wa horon yunwa da hannunmu, wato mai ciwon hanta.

Da zarar ido ya yi ruwan ɗorawa, ko ciki ya kumbura, sai dangi su yanke hukunci: ba nama, ba ƙwai, ba mai. A bar shi da koko da rake da jiƙon sassaƙe. Tausayi ne ya sa, amma garin gyaran gira ake rasa ido.

Ga dalili. Hanta ce ke adana sukarin da jiki ke amfani da shi idan ba a ci abinci ba. In ta ƙanƙance, ajiyar ba ta kaiwa asuba, sai jiki ya koma cin tsokar kansa. Shi ya sa za ka ga ciki tulu, hannu kamar kara. Likitocin hanta sun ce irin wannan majinyaci yana bukatar furotin giram 1.2 zuwa 1.5 a kan kowane kilo na nauyinsa kullum. Mai kilo 60 ke nan sai ya samu giram 72 zuwa 90, alhali ƙwai ɗaya giram 6 ne kacal. Wake, alala, awara, kindirmo, kifi da kaza duk suna kusa da mu. A ba shi kaɗan-kaɗan sau da yawa, kuma kada ya kwanta sai ya sha fura da nono ko kunun gyaɗa.

Abin da ya kamata a takura shi ne wanda ba ma taɓawa: gishiri. Idan ruwa ya taru a ciki, gishirin yini duka kada ya wuce ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen magi da yajin tsire. Kanwar da ake jefawa a wake da ɗanwake ita ma sahunsu ɗaya. Sai gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna a rumbu, masu ɗauke da gubar afalatoksin, wadda in ta haɗu da cutar hanta nau'in B take buɗe ƙofar sankara. Jiƙe-jiƙen da ba a san awonsu ba kuwa, hantar da ta gaji ce za ta tace su.

Manomin rani yana da ƙarin haɗari, domin wani nau'in tsutsar tsargiya da ke ruwan kanal yana lalata hanta a hankali. Maganinta, firazikwantel, sananne ne.

Ina kira ga ma'aikatan asibitocinmu na karkara: idan kun rubuta magani, ku kira matar da ke riƙe da tukunya ku yi mata bayanin abinci da Hausa. Dangi kuma, in an tura ku Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ku nemi ganin masanin abinci kafin ku hana majinyaci komai. Idan ya fara ruɗewa ko aman jini, wannan ba maganar tuwo ba ce, a garzaya asibiti.